Wanda Aka Sake Kamawa Yana Tuƙi a Buge

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan taɓo kan direban da kotu ta sake samu da laifin tuƙi cikin maye. Na baya ku matso, kada a ce ba a ji ba.

Na farko, lasisi. A Ingila, karon farko ana hana mutum tuƙi aƙalla shekara 1. In ya sake cikin shekara 10, mafi ƙaranci shekara 3 ne, kuma ba a maido masa da lasisin sai likita ya gwada jininsa. Kanada kuwa gidan yari ne kai tsaye: kwana 30 a karo na biyu, kwana 120 a na uku, alƙali ba shi da ikon yin ƙasa da haka.

Amma ku tsaya ku ji na jihar Kalifoniya ta Amurka, wannan shi na fi so. Ranar da aka samu mutum da laifi, ana karanta masa gargaɗi a kotu, sau da yawa har ya sa hannu: ka sani tuƙi a buge yana kashe mutane, in ka sake har wani ya mutu, ana iya tuhumarka da kisan kai. Kisan kai fa, jama'a! Asalinsa shari'ar Watson ce, wadda Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 1981. Mai gabatar da ƙara ba sai ya nuna kana da niyyar kashe kowa ba. Ya isa ya nuna ka san haɗarin, ka yi kunnen uwar shegu. To me zai nuna? Takardar nan, da sa hannunka a ƙasa. Kai da kanka ka rubuta shaidar da za a ɗaure ka da ita, daga shekara 15 har zuwa rai da rai. Da hannunka!

Na huɗu... a'a, na nawa muke? To, akwai na'urar da ake maƙala wa mota, ba ta tashi sai ka hura ta gwada ko akwai giya a numfashinka, kuma kuɗin daga aljihunka. Inshora ma ya haye. Mu wuce.

Na'am, Alhaji? In 'yan sanda suka ce ya hura a gwada shi, ya ƙi? Ai an riga shi wayo. A Ingila ƙin ba da numfashi don gwaji a ofishin 'yan sanda ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba laifi ne mai zaman kansa, yana iya kai mutum gidan yari wata 6, kuma ana lissafa shi cikin shekara 10 ɗin nan. In yana da na baya, shekara 3 ɗin tana nan tana jiransa.