Browning mai doro da 'yan uwanta masu araha

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Kawu Isa da Malam Habu, kuma zancenmu na tsofaffin bindigogin harbin tsuntsaye ne, irin waɗanda in ka harba su tofar da kwanso su ɗura harsashi na gaba da kansu. Kawu, kai ka matsa sai an yi wannan hira.

Kawu Isa: Ni na matsa, ɗana, don abin yana damuna. Masu tara irin waɗannan bindigogi sun bi suna sun bar ƙira. Kowa Browning Auto-5 ta Beljiyam yake so, kuɗinta na ta hawa, alhali ga 'yan uwanta uwa ɗaya uba ɗaya a wurin gwanjo ba mai tayawa.

Nura: To fara mana da ita kanta Auto-5 ɗin.

Kawu Isa: John Moses Browning ne ya ƙirƙiro ta a 1898. Ita ce ta farko a irinta da ta karɓu a kasuwa. Ko daga nesa za ka gane ta, domin bayan jikinta a tsaye yake kamar doro. Da ya gama sai ya kai wa kamfanin Winchester, waɗanda ya daɗe yana sayar wa ƙirarsa. Amma a wannan karon ya ce ba zai karɓi kuɗi dunƙule ba, kaso yake so a kan kowace bindiga da aka sayar. Suka ce albarka. Ya nufi Remington, yana jiran ganin shugaban kamfanin, Marcellus Hartley, sai mutumin ya rasu, a farkon 1902. Daga nan ya tsallaka teku zuwa kamfanin FN a garin Herstal na Beljiyam.

Malam Habu: Kuma ba a daina ƙera ta ba sai ƙarshen shekarun 1990. Kusan shekara ɗari ke nan da ƙira guda.

Kawu Isa: Yauwa. To ga inda arahar take. Remington ta samu izini, a 1905 ta fara yin wannan ƙirar a Amurka, wadda aka sani da Model 11, suka yi ta har 1947, sama da dubu 800. Kamfanin Savage ma ya yi tasa, Model 720, daga 1930. In ka kwance su gefe da gefe, aiki iri ɗaya ne. Amma da yake ba a buga sunan Browning da manyan baƙaƙe ba, sai a raina su.

Malam Habu: Kawu, ka bari in sa baki. Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba. Ta Beljiyam tana da wani ɗan maɓalli a gefen hagu da ke tsare harsasan da ke cikin rumbu, wato ma'ajiyar harsasai da ke ƙarƙashin bututu, ka canza wanda ke cikin bututun kaɗai. Model 11 ba ta da shi. Kuma kayan gyaransu ba duka ke shiga juna ba, kada mai sauraro ya sayi bututun wannan ya ce zai ɗaura wa waccan.

Kawu Isa: Gaskiya ne, Malam. Kuma a cikin Model 11, can ƙurya ta baya, akwai wani ɗan matashi da ke tare dukan ƙarfe. In ya tsufa rugurgujewa yake yi, dole a duba shi kafin a harba.

Nura: Na ji ana cewa akwai waɗanda aka yi a Japan.

Malam Habu: Akwai. A tsakiyar shekarun 1970 aka mayar da aikin ƙera Auto-5 kamfanin Miroku na Japan. Masu tarawa suna ɗaga musu hanci, ni kuwa ban ga dalili ba. Aikinsu mai kyau ne ƙwarai, kuma ga wanda zai fita da ita daji, wani lokaci ma ta fi. Ka san tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ƙwayar darma a faɗin ƙasar, aka koma ta ƙarfe. Tsohon bututun Beljiyam ba a yi shi don ƙwayar ƙarfe ba, yana iya kumbura a wajen baki.

Nura: Kawu, kullum kana cewa bindigar da mai ita ya ce ta lalace ita ce abin nema. Ni wannan magana tana ba ni tsoro. Ai an ce araha ba ta ado.

Kawu Isa: Ba kowace ba, ɗana, amma saurara ka ji. Yadda take aiki shi ne, in ka harba, bututun gaba ɗaya yake ja da baya tare da ƙarfen da ke kulle harsashi, sannan sifirin ya maido shi. A ƙarƙashin katakon gaba, a jikin rumbun harsashi, akwai zobba biyu, ɗaya na tagulla ɗaya na ƙarfe. Su ne birkinta. In harsashi mai ƙarfi za ka harba, sai ka haɗa su a gaban sifirin, na ƙarfen ya matse na tagullar, birki ya kama. In mai sauƙi ne, sai ka cire na ƙarfen ka mayar da shi bayan sifirin. To mutum ya gaji bindiga daga mahaifinsa, bai san wannan ba. Zobban suna a saitin mai ƙarfi, shi kuwa yana sa mata mai sauƙi, sai ta ƙi tofar da kwanso. Ya ce ta mutu, ya kai shagon jingina ya karyar. Gyaran minti biyar ne, ko sukuddireba ba ka buƙata.

Malam Habu: Amma ɗaya ɓangaren shi ne abin tsoro.

Kawu Isa: Shi ne. Wanda ya bar ta a saitin mai sauƙi, ko ya jiƙe rumbun da mai sharkaf, ya shekara ashirin yana ɗirka mata mai ƙarfi. Wannan ta sha duka. Alamar farko, katakon gaba zai tsage daga ƙasa. Shi ya sa ni kafin in kalli fenti ko zane, katakon nan nake cirewa. Tsaga ƙarama ana ɗinke ta da gam, kuma hujja ce ta neman ragi. Amma in na ga tsaga a ƙarfen jikin ta baya, ko kyauta ce ba na so.

Nura: Malam, kai me kake fara dubawa?

Malam Habu: Kawunan sukurori. Tsagar sukurorin Browning siririya ce ƙwarai. In ka ga an cinye su, wani ya buɗe ta da abin da bai dace ba, kuma ba ka san ɓarnar da ya yi a ciki ba. Sai lamba: a tsofaffin na Beljiyam za ka ga lambar jiki an maimaita ta a bututu, ka duba ko sun yi daidai. Sannan masu lamba 16, wato lambar da ke nuna faɗin ramin bututu. Kowa na son wadda ake kira Sweet Sixteen, mara nauyi, amma da yawa daga cikin masu 16 na kafin yaƙin duniya na biyu ɗakin harsashinsu, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu, tsawonsa milimita 65 ne, harsashin yau kuwa 70. Ka karanta abin da aka buga a jikin bututun. Kada ka sa dogo a gajeren ɗaki.

Kawu Isa: Ga kuma masu ƙulli a baki, Poly-Choke ko Cutts. A shekarun 1940 da 1950 yayi ne, mutum ya yanke bakin bututu ya ɗaura abin da zai riƙa matse ko buɗe watsuwar ƙwaya. Masu tarawa ba sa so, kuɗin sai ya faɗi warwas. Ni ina so, don yana aiki.

Malam Habu: A nan muka raba hanya, Kawu. Ni bututun da aka yanka ya yanku. Ranar da za ka sayar, kai ma ragin nan za a yi maka.

Kawu Isa: In don sayarwa ka saya. Ni don in harba nake saye, kuma a raina alama ce ta cewa wani ya riƙe ta da muhimmanci ya yi farauta da ita.

Nura: Ban da dangin Auto-5 fa?

Malam Habu: Remington 11-48, wadda ta gaji Model 11, aiki iri ɗaya amma an shafe doron. Franchi 48 AL ta Italiya, jikinta na alminiyam, ka yini da ita a kafaɗa ba ka ji ba. Sai Remington 1100 ta 1963, ita da iskar harbi take aiki, ba ta bugun kafaɗa sosai. An yi miliyoyinta, don haka kayan gyara ba wahala, kuma sau da yawa in ta ƙi aiki wani ɗan zoben roba ne ya cinye.

Nura: Akwai wadda za ku ce a guje ta?

Kawu Isa: Winchester 1911. Bayan sun rabu da Browning sai suka yi tasu, amma ɗan hannun da ake ja a ɗana bindiga yana cikin haƙƙin ƙirarsa. Sai suka yi ta babu shi, bututun kake kamawa ka danna. Mutane suka riƙa kafa gindinta a ƙasa suna dannawa, baki na kallon fuskarsu, har aka yi mata laƙabi da mai mayar da mata zawarawa. In don tarihi ne a rataye ta a bango, to. Sabon shiga kada ya fara da ita.

Malam Habu: Kuma kowace ce, a bi dokar ƙasar da ake ciki wajen lasisi, sannan maƙerin bindiga ya duba ta kafin harbin farko. Sifirin ɗin da ya shekara saba'in a canza shi.

Nura: Kawu, Malam, mun gode. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan yadda ake cire tsatsa ba tare da an kankare launin asali ba.