Tsohuwar Tirelar Kwana: Ta Ina Ake Fara Gyara?

Hauwa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Birnin Kebbi. Yau ina tare da Kawu Sani, wanda ya yi furfura a gyaran jikin mota, da kuma ƙanena Nura. Nura, faɗa wa jama'a abin da ka jawo mana ƙofar gida.

Nura: Yaya Hauwa, tirelar kwana ce, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gado da ɗan wurin girki a ciki. A wani tsohon yadin 'yan kwangilar hanya na same ta wajen Jega, awaki na sha mata inuwa. Ni nake son in gyara ta da hannuna.

Hauwa: Irin masu ƙyallin nan da nake gani a intanet, kamar jirgin sama ba fiffike?

Nura: Waɗannan Airstream ne, na Amurka. Wani Wally Byam ya kafa kamfanin a shekarun 1930. A 1959 ma ya jagoranci ayarinsu tun daga Cape Town har Alƙahira, kuma 'yan sama jannatin Apollo 11 da suka dawo daga wata a 1969, a cikin irinta aka killace su. Tawa dai ba ta kai can ba, ƙirar Turai ce.

Kawu Sani: To tsaya nan, ɗana, bambancin ba na suna ba ne kawai. Airstream haƙarƙarinta alminiyam ne, an ɗinke shi da ribit. Taka kuwa katako ne a ciki, aka lulluɓe shi da siririn alminiyam. Daga waje sai ka ce lafiya lau take, ciki kuwa ruwa da gara sun gama rabon gado.

Nura: Ai har na sayi fenti, Kawu. Shuɗi.

Kawu Sani: Ajiye shi ƙarƙashin gado. Duk wanda ya sayi irin wannan, fenti da labule yake fara tunani, alhali su ne ƙarshen aiki. Ka samu jak ka ɗaga ta, ka sa mata matokari mai ƙarfi, kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Sai ka ɗauki guduma ka bi shasi, wato ƙarafan ƙasa da ke ɗauke da jikinta, kana ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ya amsa da ƙara, da sauransa. Inda ya yi luƙus ko ya zubo da ɓawon tsatsa, a yanke, mai walda ya sa sabo. Ka fi zuba ido a kan ƙarfen gaba da ke haɗa ta da mota, da wurin da sifirin ya kama. Bayan nan a kankare, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa.

Hauwa: Idan an tarar shasin ya ci gaba ɗaya fa?

Kawu Sani: Sai ta zama shagon sayar da katin waya. Ba laifi ba ne, amma kada a hau titi da ita.

Nura: Allah ya kiyaye.

Kawu Sani: Amin. Daga nan sai daɓen ciki. Ɗauki sukundireba ka riƙa soka katakon ƙasa, musamman bakin ƙofa, ƙarƙashin tagogi da kusurwoyi. In ya nutse, ruwa ya daɗe yana shiga. Kuma kada ka canza katakon ƙasa ba ka gano ta inda ruwan ke shigowa ba, don daga sama yake zuwa: bakin tagar rufi, haɗin kwano, ramukan kusoshi. Damina ɗaya ta watan Agusta ta isa ta mayar da kai inda ka fito.

Nura: Na ga wanda ya riƙe ta kafin ni ya dambara silikon ko'ina.

Kawu Sani: Shi ne aikin da zai fi cin ranka. Sabon silikon ba ya kama tsoho, sai ka kankare shi tas. Mai warin tsami ɗin nan ma yana cin alminiyam. Cire tagar ake yi gaba ɗaya, a share bakin, a shimfiɗa tef ɗin roba mai danƙo da ake kira butil, a mayar a ɗaure. Kuma duk inda baƙin ƙarfe zai taɓa alminiyam, a raba su da roba ko fenti, in ba haka ba da danshi ya shiga sai alminiyam ɗin ya fara zama gari.

Hauwa: Ni fa bari in yi tambayar da masu saurare ke yi a zuci. Wannan wahala duk ta mece ce? Ba gara ya kama ɗaki a masauki ba?

Nura: Yaya, je ki nemi ɗaki a Argungu lokacin bikin kamun kifi ki gani. Ga Rigata a Yawuri, ga Uhola a Zuru. Amma babban dalilina gona ce. Lokacin yankan shinkafa a fadama kwana ake yi ana gadi, bukkar kara kuma ba ta hana sauro.

Hauwa: To wannan na yarda. Amma zafin Afrilu fa, da ake haura digiri 40? Ai gasa ka za ta yi.

Kawu Sani: Nan 'yata ta yi gaskiya. Turawa don sanyi suka ƙera ta. Tunda za ka buɗe bango ka canza ruɓaɓɓen katako, ka cusa soso mai tare zafi tsakanin kwano da allon ciki, sabon katakon kuma a shafa masa maganin gara. Rufi fari za ka yi masa, shuɗinka ya tsaya a gefe. Ka buɗe mafitar iska a sama da 'yar fanka, tagogi su sha raga.

Nura: Wuta kuma sola nake so, da batir mai bolt 12 don fitilu da fanka da cajin waya.

Kawu Sani: Daidai, amma tsofaffin wayoyin nan a zare su duka, ɓeraye sun riga ka. Kowane layi da fis ɗinsa. Na gas kuwa ban yarda ka yi shi kai kaɗai ba. Sabon tiyo, sabon kan tukunya, a gwada kowane haɗi da kumfar sabulu, tukunyar ta zauna a waje. Kada a yi girki taga a rufe, janareta kuma nesa da ita, hayaƙinsa ba ya sallama.

Hauwa: Tayoyin fa? Na ga zanensu bai cinye ba.

Nura: Wannan na bincika. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2318, mako na 23 ne na 2018. Nawa rana ta tsattsage su, dole sabbi.

Kawu Sani: Da boris. A kwance, a wanke da kananzir, a duba, a cika da giris. Birki ma a buɗe shi. Sannan lodi: kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a kan sandar tayoyi. In ka jibge buhunan shinkafa a baya, da ka ɗan ƙara gudu za ta fara kaɗa wutsiya, ta ja motar da kai. Ƙirar Turai, nauyin da ke sauka kan ƙugiyar mota kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta ake so. Kuma ƙwallon ƙugiyarta milimita 50 ne, kada a sa maka na Amurka mai inci 2 a ce ai duk ɗaya ne. Fitilun baya su yi aiki kafin 'yan Road Safety su tambaye ka.

Hauwa: Kawu, cikin duk wannan, me ya rage wa Nura ya yi da hannunsa?

Kawu Sani: Da yawa. Kwancewa, kankara, aikin katako, liƙe tagogi, fenti. Walda da gas da birki ne kawai na masu shi. Nura, ranar Asabar bayan azahar zan zo da guduma, ka tanadi jak da fitila.

Nura: Da shayi, Kawu.

Kawu Sani: Wannan ai ba sai an faɗa ba.

Hauwa: To masu saurare, abin da gudumar Kawu ta gano ƙarƙashin tirelar nan za ku ji shi a shiri na gaba. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.