An Kulle Masa Asusu, To Me Ya Hana a Ɗaure Shi?

[Hoto: jerin sunaye yana yawo a Facebook da WhatsApp]

Duk lokacin da gwamnati ta fitar da sunayen waɗanda ake zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci, tambaya ɗaya ce ke cika waya: tunda an san su, me ya hana a ɗaure su? Wasu kuma su ce ai shi ke nan, gwamnati ta kwashe musu kuɗi ta zuba a lalitarta. Haka aka yi ta cece-kuce a watan Maris na 2024, da Kwamitin Takunkumi na Najeriya ya sa sunaye 15 a jerinsa, mutum 9 da kamfanoni 6, har da na 'yan canji. To jama'a, maganganun nan biyu duk akwai gyara.

[Hoto: zauren Kwamitin Sulhu a New York]

Mu yi sauri a kan asalin abin. A 1999 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1267 na ƙaƙaba takunkumi a kan Taliban, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Al-Ƙa'ida. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 aka ƙara ƙuduri na 1373, wanda ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin toshe kuɗin 'yan ta'adda. Boko Haram ta shiga jerin takunkumin Majalisar a watan Mayu na 2014, makonni kaɗan bayan sace 'yan matan Chibok. ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta bi baya a 2020. Najeriya kuma tana da nata jerin a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022. Ministan shari'a ne shugaban Kwamitin Takunkumi na Najeriya, hukumar NFIU mai bin diddigin zirga-zirgar kuɗi ce ke riƙe da ofishinsa.

[Hoto: ma'aikaciyar banki tana duba kwamfuta]

Yanzu ga inda ake ruɗewa, ku ɗan tsaya da ni a nan.

Ranar da sunan mutum ya hau jerin, banki ba ya jiran alƙali, ba ya kuma kiran mai asusun ya ce masa ga abin da ke tafe. Doka ta ce a kulle nan take, ba tare da sanarwa ba. Dalilin a fili yake: in aka ba shi ko da awa ɗaya, kuɗin sun bar asusun ta waya. Amma kullewar nan ba ta mayar da kuɗin na gwamnati. Suna nan a asusunsa, da sunansa, ba ya dai iya cira, ba ya iya turawa. Kamar shago ne da hukumar kasuwa ta garƙame da kwado: kayan da ke ciki na mai shago ne har yanzu, ciniki ne kawai ya tsaya. Kafin gwamnati ta mallaki ko sisi, sai ta je kotu ta nemi umarnin ƙwacewa, wannan kuma shari'a ce daban.

Ɗauri ma haka. Don a sa suna a jerin takunkumi, abin da ake buƙata shi ne ƙwaƙƙwaran dalili na zargi, galibi daga bayanan sirri da rahoton da bankuna ke aikawa idan sun ga shige da ficen kuɗi mai alamar tambaya. Don a ɗaure mutum kuwa, sai mai gabatar da ƙara ya kawo hujjar da ba ta bar shakka ba, a gaban alƙali, lauyan wanda ake tuhuma yana yi wa shaidu tambayoyi. Tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya mai nisa. Takunkumi rigakafi ne, ana so a tare kuɗin yau kafin su zama babur da harsashi gobe. Shi ya sa za ka ga mutum yana cikin jerin, alhali babu kotun da ta same shi da laifi. Kuma don Allah, mai tura saƙo, kada ka rubuta "an kama su da laifi" a kan wanda aka sa sunansa kawai.

[Hoto: Dubai, sannan taswirar arewa maso gabas]

Ga misalin da matakan suka fito ɗaya bayan ɗaya. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kotu ta samu 'yan Najeriya 6 da laifin tura dala 782,000 daga Dubai zuwa ga Boko Haram. Biyu ɗaurin rai da rai, huɗu shekara 10. Wannan hukunci ne. A watan Maris na 2022 ma'aikatar kuɗin Amurka ta sa sunayensu a nata jerin, ta hana kowane Ba'amurke hulɗa da su. Wannan kuma takunkumi ne. Hukumomi daban, aiki daban.

[Hoto: masunta a Tafkin Chadi, buhunan tattasai, jakar kuɗi]

Gaskiya kullewar tana da iyaka. Tana kama kuɗin da suka ratsa banki. Harajin da ISWAP ke karɓa a hannun masunta da manoma a yankin Tafkin Chadi tsabar kuɗi ne. Kuɗin fansa a buhu ake kai su daji. Wannan ba na'urar banki da ke ganinsa.

Ni abin da ke damuna shi ne wanda aka kulle bisa kuskure. Mu nan, Muhammad Abubakar nawa ne a unguwa ɗaya? Suna ya yi kama, an toshe asusun ɗan kasuwa, iyalinsa na jiran cefane. Akwai hanyar neman a cire suna: a Majalisar Ɗinkin Duniya an kafa ofishi mai zaman kansa na karɓar koke tun 2009, a gida kuma ana rubuta wa kwamitin. Ana iya neman izinin cire kuɗin abinci da magani da haya. Amma mutum nawa suka san da wannan? A ganina, gwamnatin da ta kulle asusu ba tare da alƙali ba, haƙƙi ne a kanta ta gaggauta zuwa kotu, ko ta saki. Iyalan waɗanda aka kashe suna jiran hukunci, wanda ba shi da laifi yana jiran a wanke shi.

[Hoto: layin 'yan canji a Wapa, Kano, da mai POS a bakin titi]

Saura ku, 'yan canji da masu POS da masu tura kuɗi ƙetare. Takunkumin bai tsaya a kan mai sunan ba. Duk wanda ya miƙa masa kuɗi ko kaya da saninsa, shi ma ya taka doka, ko da ta hannun wani ne. Matsin lambar daga waje take zuwa: a Fabrairun 2023 hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci a duniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido, sai a Oktoban 2025 ta cire ta. A tsakani, a Maris na 2024, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin 'yan canji 4,173 saboda saɓa ƙa'idoji, ciki har da rashin miƙa rahoton hada-hada. Jerin sunayen yana shafin intanet na kwamitin, kowa na iya dubawa. Idan sunan abokin ciniki ya yi daidai da na jerin, a dakatar da turawa, a duba ranar haihuwa da lambar shaida, sannan a sanar da hukuma.