Sharhi: Zafin da masana'antu ke ci da wanda suke zubarwa

Masu sauraro, duk lokacin da aka ɗauko zancen makamashi, hankalin yawancin mutane kan tafi ne ga wutar lantarki da man da motoci ke sha. Akwai kuwa wani fanni mai girma da ba a cika taɓo shi ba, wato zafin da masana'antu ke buƙata domin narkarwa da dafawa da gasawa da busarwa. Hukumar Makamashi ta Duniya, mai hedikwata a birnin Faris, ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na makamashin da masana'antu ke amfani da shi yana tafiya ne wajen samar da zafi, abin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan makamashin da duniya ke ci. Galibin wannan zafi kuma daga ƙona kwal da iskar gas da baƙin mai ake samunsa.

Zafin da masana'antu ke nema hawa-hawa ne, kuma a nan ne mahawarar takan rikice. Mai sarrafa madara yana kashe ƙwayoyin cuta da zafin digiri 72 a ma'aunin Salshiyos na tsawon daƙiƙa 15 kacal. Masaƙa da ke rina yadin roba tana buƙatar wajen digiri 130, masana'antar takarda kuma tururi take busar da kayanta da shi. Daga nan sai a haura zuwa alminiyam da ke narkewa a digiri 660, har a isa ga gilashi da siminti da ƙarfe, inda lissafin ya kai digiri 1,400 zuwa sama.

Waɗannan na ƙarshe su ne masu wuyar sha'ani. A tanderun siminti sai an kai haɗin dutsen farar ƙasa da yumɓu digiri 1,450, harshen wutar da ke wannan aiki kuwa yana kusan digiri 2,000. Ko da an samu man da ba ya hayaƙi ko kaɗan, matsalar ba ta kau ba, domin fiye da rabin iskar kabon da masana'antar siminti ke fitarwa daga jikin dutsen take fitowa idan ya gasu. A ɓangaren ƙarfe ma kwal aiki biyu yake yi a cikin babban tanderu: yana ba da zafi, yana kuma cire iskar oksijin daga tama, kuma ta wannan hanya ake samar da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya. A ƙasar Suwidin, kamfanin ƙarfe na SSAB da na haƙar tama na LKAB da na lantarki na Vattenfall sun haɗa hannu suka gwada maye gurbin kwal da iskar haidurojin, har suka miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko na gwaji a shekarar 2021. Aiki ne abin yabo, sai dai yana buƙatar lantarki mai ɗimbin yawa kuma mai araha, wanda ba kowace ƙasa ke da shi ba.

A ganina, an bar waɗannan manyan tanderu sun cinye dukkan zancen, alhali ribar da ta fi kusa tana ga ƙananan matakan zafi. Harshen wutar iskar gas yana haura digiri 1,900, amma dubban masana'antun abinci da lemo da magunguna da yadi suna kunna shi ne domin su tafasa ruwa kawai, ko su samar da tururin da bai wuce digiri 150 ba. Irin wannan aiki, na'urar jawo zafi tana iya yin sa. Tsarinta ɗaya ne da na firji, sai dai an juya manufar: tana ɗebo ɗumin da ke cikin ruwan da masana'anta ta gama aiki da shi, ko cikin iskar da ke fita daga ɗakin busarwa, ta matse shi har ya yi zafin da za a sake amfani da shi. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, to haka abin yake a nan, domin da ma'auni ɗaya na lantarki na'urar kan samar da kusan ma'auni uku na zafi, gwargwadon tazarar da ke tsakanin ɗumin da ta ɗebo da zafin da ake nema.

Kafin ma a kai ga sayen sabuwar na'ura, akwai zafin da aka riga aka biya kuɗinsa amma yake salwanta a kullum. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 1828 wani injiniya a birnin Gilasgo na Sikotland, James Beaumont Neilson, ya yi rajistar dabarar ɗumama iska kafin a hura ta cikin tanderun ƙarfe, kuma wannan sauyi kaɗai ya rage kwal ɗin da ake ƙonawa ƙwarai da gaske. Kusan shekara ɗari biyu ke nan, amma har yau akwai masana'antun da hayaƙinsu ke fita da zafi mai yawa ta bututun sama, ga kuma ruwa mai sanyi yana shiga tukunyar tururi ta ƙasa, ba tare da an haɗa su ba. Injiniyoyi suna da wani lissafi da suke aiki da shi, cewa duk digiri 20 da ɗoriya da aka rage daga zafin hayaƙin da ke fita, ingancin tukunyar kan ƙaru da kusan kashi 1 cikin 100. Ga kuma dattin da ruwa ke bari a jikin tukunya idan ba a tace shi yadda ya kamata ba, wanda yakan daskare ya hana zafi ratsawa. Ga bututun da ba a naɗe da abin riƙe zafi ba, ga tarkon tururi, wato na'urar da ke fitar da ruwa ta riƙe tururi, da ya lalace yana sakin tururi dare da rana, ga ruwan zafin da tururi ya koma ana zubar da shi a kwata maimakon a mayar da shi tukunya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar wata sabuwar fasaha. Abin da suke buƙata shi ne ma'auni, da ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin dubawa, da shugabannin da za su saurare shi idan ya kawo rahoto.

Dole ne a yi wa masu masana'antu adalci, domin abin da ke hana su komawa lantarki lissafin kuɗi ne. A ƙasashe da dama farashin ma'aunin lantarki ya ninka na iskar gas sau biyu ko uku, wani wurin ma fiye, kuma haraji na daga cikin dalilan. Idan na'ura tana ba da zafi ninki uku amma lantarkin da take ci ya fi gas tsada ninki uku, to ba ci ba asara, sai kuma bashin sayen na'urar. Sai dai dogaro da gas ma yana da nasa haɗarin, kamar yadda Turai ta gani a shekarar 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, lokacin da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, masana'antun takin zamani suka rage aiki, har kamfanin sinadarai na BASF ya sanar a farkon 2023 cewa zai rufe ɗaya daga cikin sassansa masu samar da sinadarin amoniya, wanda ake yin takin zamani da shi, a Jamus.

Akwai kuma batun lokaci. Tanderun gilashi, idan aka kunna shi, ba a kashe shi sai bayan shekara goma ko fiye, tukunyar tururi kan yi shekara ashirin zuwa talatin, tanderun siminti kuwa yakan zarce haka. Saboda haka damar sauya tsari ba ta zuwa sai ranar da tsohuwar na'ura ta gaji, kuma wanda bai shirya ba kafin wannan rana, irin wadda ta lalace zai sake saye cikin gaggawa. Tarayyar Turai ta riga ta kafa tsarin cajin kuɗi a kan iskar kabon da aka fitar wajen ƙera siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani da ake shigar mata da su, kuma matakinsa na dindindin ya fara aiki a watan Janairun 2026. Mai shigar da waɗannan kaya kasuwar Turai sai ya nuna a rubuce yawan iskar kabon da aka fitar wajen ƙera su.