Gyaɗa, manja da zuma: wane kolam ya dace da kowanne?

Ga samfuri uku a kan tebur, duk daga kasuwannin Accra: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, manja da zuma. Na'urar HPLC, mai raba sinadaran da ke cikin samfuri ta auna su, ɗaya ce, amma kolam ɗaya, wato bututun da ake rabawar a cikinsa, ba zai wadatar da su ba.

A gyaɗa, aflatoksin ake nema, gubar da funfuna ke bari: B1, B2, G1 da G2. Kolam C18, wanda aka cika da ƙwayoyin silika masu riƙe abubuwa masu maiƙo, mai tsawon milimita 150, faɗin ciki milimita 4.6, ƙwayoyi maikron 5, ya isa ya raba huɗun da cakuɗen ruwa, metanol da asetonaitiril. Wahalar tana wajen ƙanƙantar abin. Tarayyar Turai ba ta yarda B1 ya wuce maikrogiram 2 a kilo ɗaya na gyaɗar ci ba, don haka da ditekta (na'urar gano abin da ya fito daga kolam) mai auna ƙyalli ake karantawa, a haska da hasken UV na nanomita 365. B1 da G1 ƙyallinsu na dusashewa cikin ruwa, sai an ƙarfafa shi da hasken UV bayan sun fito daga kolam. Kada ku kuskura ku zuba ruwan gyaɗar kai tsaye. Ku fara tace shi ta ƙaramin kolam mai kama aflatoksin shi kaɗai, in ba haka ba man gyaɗar zai lulluɓe silikar.

Manja kuwa, jan rinin masana'antu mai suna Sudan IV ne abin tsoro, wanda Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana ta gano a cikinsa a 2015. C18 ɗin dai, sai dai rinin na manne masa sosai, dole a yawaita asetonaitiril. Wani lokaci za ku ga a allon na'urar matsi ya hau, tsinin zanen sakamako da ya kamata ya fito ɗaya ya rabu biyu. Mai ne ya taru a bakin kolam. Ku sa ɗan guntun kolam na kariya a gaba, ku riƙa canza shi, babban kuma a wanke shi da aisofurofanol. Guntun ya fi araha nesa ba kusa ba, balle ga mai jiran oda daga waje.

Zuma ce ke ba sababbin shiga mamaki. Sukarin cikinta ake aunawa, shi kuwa ba ya tsayawa a C18, wucewa yake yi. Kolam amino ake sa masa, da asetonaitiril kashi 80, ruwa 20, da ditektan RI mai auna lanƙwasar haske, wanda ba ya son a sauya cakuɗen ana cikin gudu. Gulukos da furuktos suna cin rukunan aminon a hankali, shi ya sa lokacin fitowarsu ke raguwa in kolam ya tsufa.

Kowane samfuri ya bi matacin maikron 0.45 kafin a yi allurarsa cikin na'urar, pH (ma'aunin tsami) kuma ya tsaya tsakanin 2 da 8 in silikar ta gama-gari ce.