Cocin ƙauye da ɗariƙar Metodis ta Amurka ta faro daga cikinsa

Akwai wani ginin coci na jan bulo a tsakiyar gonaki, kusa da garin Frederica a jihar Delaware. Sunansa Barratt's Chapel. An gina shi a 1780, a filin da Philip Barratt ya bayar, kuma cikin majami'un da 'yan Metodis suka gina wa kansu a Amurka, babu wadda ta girme shi da ke tsaye har yau.

Sai dai jama'ar sun riga ginin. A wancan zamani ƙauye ba shi da faston kansa. Mai wa'azi ɗaya ne ke zagaya ƙauyuka a kan doki, zagaye guda ya ɗauke shi kusan mako huɗu. Yau ya yi wa'azi a ɗakin wani manomi, gobe a rumfar dabbobi. Albashinsa a 1784 dala 64 ne a shekara, in ma an iya tara su. Ruwan sama da zazzaɓi sun kai da yawansu kabari kafin su cika shekara 30.

To wa ke riƙe jama'a idan ya wuce? Aji. Ana raba masu bi kashi-kashi, mutum 12 ko kusa da haka, a ɗora musu shugaba daga cikinsu. Kowane mako sai sun haɗu, ya tambayi kowa halin da ransa ke ciki, ya karɓi baiko. Duk bayan wata uku ana sabunta tikitin zama ɗan aji, wanda ya yawaita fashi ba ya samu. Inda shugaban aji ya yi sake, nan ikilisiya ke watsewa, domin mai doki ba zai dawo da wuri ba.

Babbar matsalar ita ce masu wa'azin nan ba naɗaɗɗu ba ne. Baftisma da Jibin Ubangiji sai an je cocin Anglika, wanda 'yan Metodis ke ƙarƙashinsa a lokacin, ga shi yaƙin neman 'yanci ya sa limamanta da dama sun koma Ingila. Yara suka yi ta girma ba baftisma.

Shi ya sa John Wesley, jagoran Metodis a Ingila, ya turo wani naɗaɗɗen limami, Thomas Coke. Ranar 14 ga Nuwamba 1784, Coke na wa'azi a wannan coci, sai Francis Asbury, mai wa'azin Metodis da ke Amurka tun 1771, ya shigo. Suka rungumi juna a gaban jama'a, kuma a ranar aka ci Jibin Ubangiji daga hannun naɗaɗɗun Metodis. Nan suka yanke shawarar kiran taro, suka aiki wani mai wa'azi, Freeborn Garrettson, ya zagaya ya sanar. Ranar 24 ga Disamba masu wa'azi kusan 60 suka hallara a Baltimore, aka kafa ɗariƙa mai cin gashin kanta, aka naɗa Asbury ya jagorance ta tare da Coke.

Idan kun shiga cocin, ku duba ƙasa ta gaban mumbari. Akwai tauraron ƙarfe a daɓen, daidai inda mutanen biyu suka haɗu.