Gungawa da tafkin Kainji: laccar da aka yi a Samaru

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo a kan ƙasar Yawuri da Bargu, wato bakin tafkin Kainji.

Na farko, tafkin nan na jiya-jiya ne. An fara ginin madatsar Kainji don samar da wutar lantarki a 1964 zamanin Tafawa Ɓalewa, aka datse Kwara a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa. A nan ne Mungo Park, Baturen nan mai bin sawun Kwara, ya halaka a 1806. Yau in ka je, sai dai mai kwalekwale ya nuna maka ruwa da baki ya ce, ga wurin nan.

Amma ni ba Baturen ne ya dame ni ba. Gungawa ne. Mutanen da suka zauna a tsibiran tsakiyar kogi, suna su, suna noman albasa da rani. Ku saurara da kyau, nan ne gishirin maganar. Kwara sau biyu take cika a shekara: akwai ruwan damina na kusa, mai laka, sannan akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ba ya isowa sai cikin hunturu. Sau biyu fa! Bagunge ya san lokacin kowanne. Ruwa ya janye ya bar masa laka, ya dasa albasa, yana ɗebo ruwa yana ba ta. Wannan ilimi ba a aji aka koya masa ba, ku 'yan sashen noma kada ku ji haushi. (Dariya.)

Da ruwa ya taso, an tashi mutum sama da 40,000, aka gina musu gidajen siminti a kan tudu, har da Sabuwar Busa. To, ɗaki an biya da ɗaki. Tsibiri fa? Wa zai biya ka lakar da kogi ke kawo maka kyauta? Albasar Yawuri dai har gobe ana cinikinta, amma na ce wa zai biya tsibiri?

Na huɗu... a'a, na nawa muke? Shugaban taro yana ta duba agogo. A gurguje: akwai Birnin Yawuri na da, akwai gandun dajin Kainji, akwai bikin Rigata inda ake tseren jirage. Fataken goro masu zuwa Gwanja ta yankin nan suke ƙetare Kwara, wani Bature matafiyi, Clapperton, shi ma a 1826 daga Busa ya biyo har nan Zariya.

(Wani ɗalibi: Malam, to ina wutar da aka tashe su dominta?)

Yaro, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Injinan Kainji megawat 760 aka kafa su su bayar, kuma ba kullum dukkansu ke aiki ba. Daga ciki akwai layin da ya bi ta Birnin Kebbi ya kai Yamai, don tun farko an yi yarjejeniya da Nijar a riƙa ba ta wuta. Ragowar kuma a tura babban layin ƙasa kowa ya yagi rabonsa. Shi ya sa da janareto kuke ji na yanzu. Akwai wata tambayar? Hajiya, bismillah, a miƙa mata makirufo.